Keken eliftik: kalori nawa ake ƙonawa a kansa, kuma ta ina sabon shiga zai fara?

A ɗakunan motsa jiki na Yawunde, Garwa, Njamena da Kwatano akwai wata na'ura da sababbin zuwa suka fi rububi: mai feda biyu masu faɗi da ake tsayawa a kansu, da sanduna biyu da ake turawa ana jawowa da hannu. Masu Faransanci na ce mata vélo elliptique, wato keken eliftik, ko da yake ba ta da sirdi. Ƙafa ba ta rabuwa da feda, saboda haka gwiwa da ƙugu ba sa shan jijjigar da gudu ke jawo musu. Ga kuma allo a gaba yana nuna wata lamba mai daɗin kallo da ke ta hawa: kalori 100, 200, 300.

A kan wannan lamba mutane da yawa ke ɗora lissafinsu na rage ƙiba, har da yawan abin da za su ci da dare. Bayan wata biyu sikeli bai motsa ba, sai a ce na'urar ba ta da amfani, a daina biyan kuɗin wata, a koma zama. Alhali na'urar ta yi aikinta, lambar ce aka ɗora wa amanar da ta fi ƙarfinta.

Kamfanin Precor na Amurka ne ya fara fitar da irin wannan keke a kasuwa a 1995, bisa ƙirar wani mai suna Larry Miller. Sunan ya samo asali ne daga hanyar da ƙafa ke bi a kansa: zagaye mai tsawo kamar siffar ƙwai, wanda ke kwaikwayon takun mai sassarfa ba tare da diddige ya daki ƙasa ba. Shi ya sa ya dace da mai nauyin jiki, da wanda ya manyanta, da wanda gwiwa ke damu.

Abin da allon ya sani da abin da yake zato

Kalori ma'aunin kuzari ne. Wanda ake rubutawa a jikin kwalin abinci da allon na'ura cikakken sunansa kilokalori, ana taƙaita shi kcal. Jiki na samun kuzari ne ta hanyar ƙona abinci da iskar oksijin, don haka idan masu bincike na son sanin abin da mutum ya ƙona, sai su ɗaura masa abin rufe baki da hanci mai bututu, su auna iskar da ya shaƙa da wadda ya fitar. Kowace lita ɗaya ta oksijin da jiki ya yi amfani da ita tana daidai da kalori kusan 5.

Keken eliftik ba shi da wannan bututu. Abin da ya sani shi ne saurin juyawar feda, da matakin taurin da aka zaɓa, da mintocin da suka wuce. Idan aka shigar masa da nauyi da shekaru, ya san su. Daga nan sai ya jefa su cikin wani lissafi da kamfanin da ya ƙera shi ya tsara, kuma kowane kamfani da nasa. Mutum ɗaya, a rana ɗaya, da ƙoƙari iri ɗaya, zai iya hawa kekuna biyu da ke jere ya ga lambobi biyu mabambanta.

Kuskuren farko tun kafin a taka feda ake yin sa. Akasarin mutane maɓallin farawa da sauri suke dannawa, ba sa shigar da nauyinsu, sai na'urar ta yi lissafi da nauyin da aka ajiye mata tun daga masana'anta, wanda a yawancinsu bai yi nisa da kilo 70 ba. Mace mai kilo 55 za ta ga lambar da ta fi tata, namiji mai kilo 100 kuma ya ga wadda ba ta kai tasa ba.

Akwai wata matsalar da ta fi shafar wannan yanki, inda kayan motsa jiki da yawa na gwanjo ne da ke shigowa ta tashoshin ruwan Duwala, Kwatano da Lome. Na'urar da aka ƙera don kasuwar Amurka takan nemi nauyi da ma'aunin fam, wanda ake rubutawa lb. Kilo 1 fam 2.2 ne. Mai kilo 70 da ya rubuta 70 a irin wannan allo ya gaya wa na'urar cewa shi yaro ne mai kilo 32. Abin da ya kamata ya rubuta 154 ne. Wasu kekunan da aka yi don Turai kuma da kJ suke nuna kuzari, wato kilojul, kuma kalori 1 kilojul 4.184 ne. Wanda ya ga 800 a allo yana murna, alhali kJ ne a gefen lambar, kalori 191 ya ƙona a lissafin na'urar kanta. Ƙananan haruffan da ke gefen lamba sun cancanci a duƙa a karanta su. Tsufan na'ura ma na da nasa tasiri: bel ya saki, maganaɗisun da ke riƙe ƙafar juyawa ya goce daga mazauninsa, mataki na 8 ya koma kamar na 4, allon kuwa yana nan yana lissafi kamar ranar da ya fito daga kwali.

Sai yadda mutum yake tsayawa. Wanda ya jingina ƙirjinsa a kan maƙaman da ba sa motsi ya sauke wa ƙafafunsa wani ɓangare na nauyinsa. Wanda ya sa tauri a mataki na 1 yana juya feda kamar fanka, rabin aikin ƙarfen da ke juyawa ne yake yi masa da ƙarfin tafiyarsa. Na'urar ba ta ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Lissafin da za a iya yi da biro

Masana motsa jiki suna da wani ma'auni da ake kira MET. MET 1 shi ne abin da jiki ke ƙonawa idan mutum na zaune shiru, wato kusan kalori 1 ga kowane kilo na nauyinsa a awa ɗaya. Aikin da ya kai MET 5 yana cin ninki biyar na wannan. Akwai kundin da Barbara Ainsworth da abokan aikinta suka fara wallafawa a Amurka a 1993, wanda ya jera ɗaruruwan ayyuka da MET ɗin kowanne, daga shara zuwa ƙwallon ƙafa. Bugun 2011 ya ba keken eliftik MET 5 idan ana tuƙa shi da matsakaicin ƙoƙari.

Lissafin sai ya zama mai sauƙi: a ninka MET da nauyin jiki a kilo, a sake ninkawa da awoyin da aka yi. Mai kilo 70 da ya yi rabin awa: 5 sau 70 ya ba da 350, rabinsa 175. Mai kilo 90, kalori 225. Mai kilo 60, kalori 150. Sabon shiga da ya yi minti 15 sai ya raba waɗannan gida biyu.

Wanda ya bincika intanet zai ci karo da lambobi da suka fi waɗannan girma nesa ba kusa ba. Wani jadawali da sashen wallafa na makarantar likitanci ta Harvard ya fitar, wanda shafuka da yawa ke kwafa, ya ba mai kilo 70 sama da kalori 300 a rabin awa. Ba ƙarya ba ne, amma idan aka juya lissafin baya za a ga ƙoƙari ne na kusan MET 9, irin na wanda ya daɗe yana atisaye, yana haki, ba ya iya haɗa jimla. Wanda ya fara makon jiya ba zai riƙe wannan na minti 30 ba, da ƙyar ya riƙe na 5. Ga mai farawa, MET 4 zuwa 5 ya fi kusa da gaskiya.

Saura ragi ɗaya da allo ba ya cika yi. Ko da mutumin nan mai kilo 70 ya zauna a gida yana kallon talabijin, jikinsa zai ƙona kalori 35 a wannan rabin awar. Ribar da keken ya ƙara masa ke nan 140, ba 175 ba. Wannan ita ce lambar da ta shafi rage ƙiba.

Kilo 1 na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Mai zuwa sau uku a mako, rabin awa kowane zuwa, yana tara ribar kalori 420. Kafin ya cike 7,700 sai ya yi mako 18, sama da wata huɗu, in har cinsa bai ƙaru ba. Shi kuwa da allon ke nuna masa 300 yana sa ran ganin kilo guda ya tafi cikin wata biyu. A tsakanin waɗannan lissafi biyu ne yawancin sababbin shiga ke karaya.

Cin kuma yakan ƙaru ba tare da an lura ba. Gwangwanin Coca-Cola na santilita 33 kalori 139 ne, kusan daidai da ribar rabin awar nan. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ya kai kalori 120, kuma duk wanda ya taɓa matse ƙosai ko fanke a takarda ya san cokali nawa suke sha. Ƙwayar sukari mai giram 5 kalori 20 ce. Masu shayin majalisa da ke dafa zagaye uku su suka san adadin da ke shiga buta. Ba a ce kowa ya bar ƙosai ba. Amma wanda ya fito daga ɗakin motsa jiki ya tsaya wajen mai suyar bakin ƙofa don saka wa kansa da lada, ya mayar da abin da ya fitar tun gumi bai bushe ba.

Agogon hannu na zamani bai warware matsalar ba. A 2017 masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada irinsu guda bakwai a kan mutum 60, cikinsu har da Apple Watch da Fitbit Surge da Samsung Gear S2, a zaune da tafiya da gudu da tuƙa keke. Wajen ƙidayar bugun zuciya shida daga ciki sun yi kyau, kuskurensu bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Wajen kalori kuwa, wanda ya fi kowa kusantar gaskiya ya kauce da kashi 27 cikin 100, na ƙarshe da kashi 93. An ƙera sababbi tun daga lokacin, amma har yanzu agogo bugun jini yake ji a wuyan hannu, kalori kuwa ƙiyasi yake yi.

Duk da haka lambar allo na da amfani guda: kwatanta mutum da kansa. Idan keke ɗaya ake hawa, da nauyi ɗaya a rubuce, jiya 120 a minti 20, bayan wata guda 150 a minti 20 ba tare da ƙarin haki ba, to an samu ci gaba na gaske ko da lambobin biyu duk ba daidai ba ne.

Gumi kuwa ba ma'auni ba ne sam. Ruwa ne da gishiri da jiki ke fitarwa don ya huce. Masu naɗe ciki da leda ko saka rigar roba a zafin Afrilu za su iya ganin sikeli ya sauka da kilo guda, su sha ruwa ya dawo kafin dare, sun dai wahalar da zuciya da ƙoda a banza.

Juriya: abin da ke canzawa tun kafin sikeli

Abin da keken eliftik ya fi bayarwa da wuri shi ne juriya, kuma ita ba ta jiran wata huɗu. A makonnin farko ruwan jini yana ƙaruwa, zuciya ta fara tura jini mai yawa a kowane bugu. Da tafiya ta yi tafiya, ƙananan hanyoyin jini suna yawaita a cikin tsoka, tsokar kuma ta ƙware wajen amfani da oksijin. A rayuwar yau da kullum abin da ake gani shi ne hawa bene ba tare da tsayawa a tsakiya ba, ko ɗauko kaya daga kasuwa ba a iso gida ana neman kujera ba. Hawan jini da sukarin jini ma suna amsa motsa jiki ko nauyi bai ragu ba, abin da ya kamata mai shirin dainawa saboda sikeli ya sani.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, a jagorar da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Minti 150 rabin awa ne sau biyar. Wannan wurin da ake son kaiwa ne, ba a nan ake farawa ba, kuma tafiyar ƙafa mai sauri tana shiga lissafin.

Wanda ya shekara biyar bai yi gudu ba, minti 10 zuwa 15 sun ishe shi, sau uku a mako, da kwana ɗaya na hutu a tsakani. Minti 3 na farko a hankali don jiki ya ɗumama, na ƙarshe ma haka, kada a diro daga feda zuciya na tsaka da gudu. Tauri ya zama wanda ƙafa ke jin tana tura wani abu, ba mai sa a riƙa lilo da jiki ba. Bayan mako ɗaya ko biyu a ƙara minti 5, a tsaya a nan har ya zama jiki, a sake ƙarawa. Da wannan tafiya yawancin masu lafiya kan kai rabin awa cikin mako shida zuwa takwas. Lokaci ake fara ƙarawa, tauri ya biyo baya. Haɗa su a mako ɗaya shi ke sa mutum ya wayi gari ba ya iya durƙusawa. Ciwon tsoka da ke tasowa washegari ya yi tsanani a kwana na biyu ko na uku abu ne da aka saba, yana wucewa. Ciwo mai suka a cikin gwiwa daban ne, shi ana dakatawa a duba.

Yaya za a san ƙoƙarin matsakaici ne? Gwaji mafi arha shi ne na magana. Idan mutum na iya amsa gaisuwar maƙwabcinsa na keke da cikakkiyar jimla amma ba zai iya rera waƙa ba, yana daidai. Idan kalma biyu ko uku kawai ke fita kafin ya ja numfashi, ya shiga mai tsanani. Idan kuma yana hira a waya yana dariya, yawo ya zo. Sabon shiga yawanci ta wajen wuce gona da iri yake kuskure, don yana kallon na gefensa da ya shekara uku yana zuwa.

Mai son lamba zai iya amfani da bugun zuciya. Lissafin da aka fi sani shi ne a cire shekaru daga 220, a samu ƙololuwar bugu a minti. Mai shekara 35, 185 ke nan, matsakaicin ƙoƙari kuma kashi 64 zuwa 76 cikin 100 na wannan, wato bugu 118 zuwa 141. Lissafin na iya kaucewa da bugu 10 ko fiye ga mutum guda, sannan ƙarafan da ke jikin maƙama ba sa karatu da kyau idan tafin hannu ya jiƙe ko ya bushe sosai. Masu shan maganin hawan jini irin su atenolol ko propranolol kada su bi shi ko kaɗan, domin maganin yana danne bugun zuciya; su gwajin magana ya dace da su.

Ma'aunin da ya fi nuna ci gaba ba ya buƙatar na'ura: da safe kafin a tashi daga shimfiɗa, a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, a ƙirga bugu na daƙiƙa 30, a ninka biyu, a rubuta. Bayan wata biyu na atisaye ba fashi lambar takan sauka. Idan wata safiya ta yi sama fiye da yadda aka saba, ga kasala, jiki na neman hutu ne ko zazzaɓi na tafe.

Bayan an kai rabin awa cikin sauƙi, sai a shigo da sauyin gudu sau ɗaya a mako: minti 1 da ƙarfi, minti 2 a hankali, a maimaita sau biyar ko shida. Nan ne MET ke hawa, kalori ma su hau. Fashi na mako biyu zuwa uku kuma yana fara zubar da abin da aka tara. Wanda ya dawo daga tafiya ko jinya ya koma baya da mataki ɗaya ko biyu kafin ya ci gaba.

Yatsun ƙafa kan yi sanyi su mutu bayan minti 15 ko 20, abin da ke tsorata sababbi. Yawanci tsayawa a kan yatsu ne ke jawo shi, ko takalmi da aka ɗaure tamau. A shimfiɗa tafin ƙafa duka a kan feda, a sassauta igiya, a ɗan juya baya na minti ɗaya. Baya ya miƙe, ido na kallon gaba. Doguwar riga da zani da bakin mayafi suna iya shiga tsakanin sandunan da ke motsi, don haka wando da hijabi gajere sun fi aminci.

Zafi, azumi da masu larura

A Marwa, Garwa, Njamena da Yamai zafi kan wuce digiri 40 tsakanin Maris da Mayu, kuma ba kowane ɗakin motsa jiki ke da na'urar sanyaya ɗaki ba, wanda ke da ita ma sai da wuta. A cikin zafi jini mai yawa na tafiya fata don sanyaya jiki, bugun zuciya ya hau ko da aikin bai ƙaru ba. Agogon da ke lissafi da bugu sai ya ƙara kalorin da ba a ƙona ba. A irin wannan lokaci sassafe ko bayan magariba ya fi, da gorar ruwa a kusa, a rage tauri ba tare da jin kunya ba. Lokacin hunturu kuwa keken na da fifiko a kan gudun titi, musamman ga mai asma, tunda ƙurar na waje.

Da azumi, wanda bai saba ba ya bari sai bayan buɗa baki da awa ɗaya ko biyu, ya taƙaita, burinsa ya riƙe abin da ya samu har Sallah.

Akwai waɗanda ya kamata su ga likita kafin su fara: mai ciwon zuciya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai ciki, da mai sikila, wadda a asibitocin ƙasashen Faransanci ake kira drépanocytose, domin ƙishirwa da zafi da ƙoƙari mai tsanani na iya tayar da ciwon. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan glibenclamide sukarinsa na iya faɗuwa ana tsaka da atisaye, don haka ya zo da dabino ko ƙwayar sukari a aljihu, kuma mai kula da ɗakin ya san halin da yake ciki. Wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro jininsa kan yi ƙasa, haki zai zo masa da wuri na wasu makonni. Ciwo ko nauyi a ƙirji, jiri, numfashin da ya ƙi dawowa bayan an rage gudu, ko zafi da ke sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, duk alamu ne na a sauka nan take a nufi asibiti, ko minti nawa suka rage a allo.